Filin Amsa Wasiƙu: Baba ya ce ba ya cinikin biri a sama

Assalamu alaikum Malama.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni 'yarki ce daga Gwale a cikin birnin Kano, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Bana na gama sakandare. Sakamakon WAEC ya fito mini da A1 guda bakwai, B2 ɗaya, sai B3 a Turanci. Na zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, sau ɗaya, na ci maki 1,480. Burina in karanci injiniyancin lantarki, don tun ina ƙaramar sakandare ni ce mai gyaran fitilun sola na gidanmu da na maƙwabta. Na yi JAMB na sa BUK, ina jiran fitowar sunaye.

Wata ƙawata da yayanta ke karatu a Amurka ta ce in ina son babbar jami'a a can, in nema ta hanyar da suke kira ED, wai wanda ya bi ta nan ya ninka sauran mutane sau uku wajen samun shiga. Ni zuciyata tana kan Cornell, ita kuma ta ce Brown ta fi. Matsalar ita ce akwai takardar da sai Baba ya sa hannu, cewa in sun ɗauke ni dole in tafi. Baba ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ba ya hana ni karatu, amma mu tara ne a gabansa, kuma ya ce abin da zai iya fitarwa a shekara ba zai wuce naira miliyan 4 ba. Ya ce shi ba ya cinikin biri a sama. Saura mako bakwai a rufe. Malama, in lallashe shi ko in haƙura? Kuma don Allah ki gaya mini tsakani da Allah, da wannan sakamakon ina da rabo?

'Yarki daga Gwale

Wa'alaikumus salam 'yata.

Ki gaida mini Alhaji, ki ce na ce ya fi ƙawarki gane inda maganar take, ko da bai taɓa ganin fom ɗin ba. Shekara 22 na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar 'yan mata a Kaduna, kusan rabinsu kuma ni ce ke cike wa ɗalibai takardun neman karatun waje, amma ban taɓa jin wanda ya kwatanta ED daidai cikin kalma huɗu kamar mahaifinki ba. Sai dai birin nan ba can ƙololuwar bishiya yake ba kamar yadda Alhaji ke tsoro. Bari in bi miki abin daki-daki.

Manyan jami'o'in Amurka suna da ƙofa fiye da ɗaya. Akwai ta gama-gari, wadda ake rufewa a farkon Janairu, amsa ta zo ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, a ba ɗalibi har 1 ga Mayu ya zaɓi inda zai je. Wannan ita ce zaga kasuwa: kin taya a shago goma, kin ji abin da kowa ya ce, kin koma gida kin yi shawara. Akwai ƙofar sammako marar alkawari, irin ta MIT, shahararriyar jami'ar kimiyya da fasaha, inda za ki nema a Nuwamba, ki ji amsa a Disamba, amma ba a ɗaure ki ba. Harvard da Yale da Princeton da Stanford su ma ba sa ɗaure mutum ya zo, sai dai suna hana shi yin sammako a wasu jami'o'i masu zaman kansu irinsu. Sannan akwai wadda kike tambaya a kai, ƙofar alkawari, wato ED. Ita ce ake yi a Cornell da Brown da Columbia da Dartmouth da Pennsylvania da Duke da sauransu. Galibi ana rufewa 1 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Jami'a ɗaya tak ake nema ta wannan ƙofa a lokaci guda, kuma mutum uku ke sa hannu: ke, da mahaifi ko mahaifiya, da malamin da ke wakiltar makarantarku. A yaren Kwari, kin taya ke nan, kin kuma rantse cewa in aka ce an sallama za ki ɗauka, ba za ki leƙa shagon kowa ba. In sun ɗauke ki, sai ki janye duk takardun da kika tura wasu wurare.

To me ya sa jami'a ke son wannan? Saboda ita ma tana da tsoronta. A ƙofar gama-gari, yaron da Brown ta ɗauka wataƙila Yale ma ta ɗauke shi, ya tafi can ya bar ta da kujera. Wanda ya zo ta ƙofar alkawari kuwa nata ne, an gama. Shi ya sa da yawansu suke cika kusan rabin ajin tun a Disamba.

Yanzu ga maganar ninki uku. Ƙawarki ba ƙirƙira ta yi ba. A Disamban 2023, mutum 6,244 ne suka nemi Brown ta ƙofar alkawari, aka ɗauki 898, wato kusan 14 cikin 100. A wannan zagaye gaba ɗaya masu nema sun kusa 49,000, aka ɗauki kusan 5 cikin 100, kuma idan kika cire na sammako, waɗanda suka zo a Janairu ba su kai 4 cikin 100 ba. In kin ajiye 14 kusa da 4, ai ninkin ya ma wuce uku. Dartmouth ma a wannan shekara ta ɗauki kusan 17 cikin 100 na masu sammakonta.

Amma ki tambayi kanki su wane ne mutum 898 ɗin nan. A cikinsu akwai 'yan wasa, masu ƙwallo da tseren kwale-kwale da ninƙaya, waɗanda masu horarwa suka riga suka zaɓa tun kafin a buɗe fom. Waɗannan ba gasa suka shiga ba, cike takarda kawai suka zo yi, kuma mafi yawansu ta ƙofar sammako ake shigo da su. Akwai 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, da 'ya'yan ma'aikatanta. Akwai yaran da suka fito daga makarantun da ke da malami na musamman wanda ba shi da aiki sai shirya su tun suna aji huɗu. Duk an haɗa su da ke a lissafi ɗaya. Kamar a ce gidan biki an raba atamfa 14 ga mata 100, amma biyar daga ciki tun daren jiya aka rubuta sunan dangin amarya a jiki. Wadda ta zo daga unguwa ba za ta ce rabonta 14 cikin 100 ne ba.

Sannan ke ba 'yar ƙasa ba ce. A mafi yawan waɗannan jami'o'i, ɗaliban waje ba sa wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na aji. Ajin Brown kusan mutum 1,700 ne. Ki yi lissafin da kanki, tun da kin ci A1 a lissafi: kujeru ɗari biyu da wani abu ne, a raba wa Sin da Indiya da Koriya da Ingila da Kanada da Brazil da Kenya da Ghana da mu. Daga Najeriya kuma, ba ke kaɗai ce mai A1 bakwai ba. Legas kaɗai tana turo masu A1 tara.

Ba na cewa sammako ba shi da amfani. Yana da shi. A 2003 wasu masu bincike uku, Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, sun bi diddigin takardun masu nema masu ɗimbin yawa, suka cire tasirin 'yan wasa da 'ya'yan gida, suka ga har yanzu mai sammako yana da fifiko da ya kai kamar an ƙara masa maki 100 a SAT. Binciken ya tsufa, amma bayansa, a 2006, Harvard da Princeton sun sanar da soke ƙofar sammako, suna cewa 'ya'yan masu hali ta fi amfana. Da suka ga sauran ba su bi su ba, a 2011 suka dawo da ita. Ki lura da dalilin da suka bayar, domin shi ne ya shafe ki: mai kuɗi ne ke iya yin alkawari ba tare da jin farashi ba.

Farashin kuwa ga shi. Shekara ɗaya a irin su Cornell ko Brown, in an haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya da littattafai, ta kai kimanin dala 90,000. In muka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, naira miliyan 135 ke nan a shekara, sama da rabin biliyan a shekara huɗu. Miliyan 4 ɗin Alhaji ba ta kai dala 3,000 ba. Wato ba gurbi kaɗai kike nema ba, kina neman jami'a ta biya miki kusan kashi 97 cikin 100. Ba abin kunya ba ne, kuma suna yi. Na ga yaran da har tikitin jirgi da kuɗin rigar sanyi aka ba su. Amma a nan ne Cornell da Brown suka rabu, kuma wannan rabuwar ta fi ninki ukun ƙawarki muhimmanci.

Jami'o'in iri biyu ne game da ɗan ƙasar waje. Akwai masu leƙa aljihu: suna karanta takardunki suna kallon nawa za ki ci musu. In ga yara biyu masu ƙoƙari iri ɗaya, ɗaya daga Shanghai ubansa zai biya duka, ɗaya daga Gwale tana neman dala 87,000 a shekara, kin san inda sikeli zai rinjaya in asusun tallafi ya fara ja baya. Cornell tana cikin waɗannan, haka Columbia da Pennsylvania da Duke da Stanford. Ba su ɓoye ba, a shafukansu suka rubuta. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, kuma wurin farko na kuɗi ne. Ban san wurin da karin maganar nan ta zauna daram kamar ƙofar alkawarin jami'a mai leƙa aljihu ba.

Akwai kuma 'yan kaɗan masu rufe ido ga aljihu: waɗanda ke yanke hukunci ba sa ganin takardun kuɗinki, in sun ɗauke ki sai ofishin tallafi ya cike abin da gidanku ya gaza. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst sun daɗe a haka. Dartmouth da Bowdoin sun shigo a 2022, Brown kuma ta fara da ɗaliban da suka shiga a 2025. Ki ga ƙawarki ta faɗi daidai a nan, ko da ba don wannan dalili ta faɗa ba. Kada kuma ki ɗauka masu rufe idon sun fi sauƙi. Duk talakan duniya mai ƙoƙari ya san sunayensu, layinsu ya fi na kowa tsawo. Abin da kawai suka cire miki shi ne a ƙi ki don aljihun Alhaji.

Saboda haka in har za ki jefa ƙuri'arki guda ɗaya ta alkawari, ni a ganina ɓarna ce ki jefa ta a Cornell. Na san me ya ja ki, sashen injiniyancinta babba ne kuma sunansa ya kai ko'ina. Ki neme ta a Janairu tare da sauran. Brown tana da makarantar injiniyanci, tana cikin birnin Providence, kimanin awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Boston. Amma kada ki sa hannu don na ce. Ki zauna ki karanta darussan da suke koyarwa a fannin lantarki, ki duba ƙungiyar ɗalibai Musulmi da batun abincin halal, ki tambayi kanki ko in an ce gobe ki tattara kayanki za ki yi murna. Na taɓa sa hannu wa wata yarinya da ta zaɓi jami'a don kawai lissafin shiga ya fi sauƙi, ta samu, ta yi shekara huɗu a wani ƙauye mai dusar ƙanƙara tana ƙirga kwanaki. Har yau ina jin da na ƙara mata tambaya ɗaya.

Yanzu ga abin da za ki kai wa Alhaji. Takardar alkawarin tana da mafita guda ɗaya da kowa ya yarda da ita: in kin nemi tallafi, suka ɗauke ki, amma abin da suka bayar bai isa ki iya zuwa ba, za su sake ki. Ba kotu, ba tara. Tare da takardar shiga ko jim kaɗan bayanta ake turo lissafin kuɗin, kuma kina da damar rubuta musu ki ce ga halin da ake ciki, a sake dubawa. Wato za a sauko da birin ku gan shi kafin a biya. Abin da Alhaji zai rasa ba kuɗinsa ba ne, zaga kasuwa ne. Ba zai iya cewa waccan ta ce mu kawo dala 1,000, ku kun ce 4,000 ba, domin babu waccan. Kuma in kun ce a sake ku, gurbin ya tafi ke nan, sai ki koma layin Janairu da sauran kwana kaɗan a rufe. Shi ya sa nake gaya wa kowane ɗalibi nawa ya gama rubuta takardun Janairu tun kafin amsar Disamba ta zo. Ba a rubuta abin kirki da kumburin ido.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ɗauke ki, kuɗi ya isa, ki ce bari in jira in ji Harvard. Ba za su kama ki ba, amma malamin da ya sa hannu sunansa da na makarantarku ne a ciki, kuma ƙannenki na baya su za su biya. Jami'o'in suna jin labarin juna. A 2018 har ma'aikatar shari'ar Amurka ta binciki wasu kwalejoji kan musayar sunayen waɗanda suka ɗauka ta wannan ƙofa. Mu dai ba ma buƙatar wannan ya tsorata mu, alkawari kaya ne.

Inda 'yan kasuwa ke shan wahala shi ne fom ɗin kuɗi, wanda ake kira CSS Profile. An tsara shi ne don mai albashi da takardar haraji. Zai tambayi abin da ke shigowa a shekara, da darajar gida, da jarin shago, da kuɗin banki, da yawan mutanen da ake ciyarwa. Na san halin iyayenmu na Kwari, ko matarsa ba ta san adadin dilar da ke sito ba, balle wani Bature a Providence. Amma dole ya buɗe littafi. Abu biyu ke kashe mutane a nan. Na farko a rubuta cinikin shekara a wurin riba: shagon da miliyan 80 ta ratsa ta cikinsa ba miliyan 80 ya samu ba, amma in haka kuka rubuta haka za su ɗauka. Na biyu a ɓoye, sannan takardar banki ta tona. Ku rubuta gaskiya, ku yi amfani da filin ƙarin bayani ku faɗi yara tara, da kuɗin makarantar kowa, da duk wani dattijo ko marayan da ke ci a gidan, da yadda darajar naira ta faɗi tun 2023. Suna karantawa.

Akwai kuma dabarar da 'yan kamasho masu cike wa mutane fom ke koyarwa, ina roƙonki ki guje ta. Za su ce ki rubuta ba kya buƙatar tallafi don a ɗauke ki, in kin shiga sai ki nema. Wani yaro da na sani, ɗan wata ƙawata, haka aka yi masa. An ɗauke shi a Disamba, aka yi walima, aka yanka rago. Da Janairu ta zo uban ya rubuta neman taimako, suka amsa da layi biyu: ɗan ƙasar waje da bai nemi tallafi lokacin shiga ba, ba ya nema daga baya. Dokar a rubuce take tun farko, ba wanda ya karanta. Yaron yana nan yanzu yana karatu a gida, lafiya lau, amma shekara guda ya yi ba ya son a ambaci Amurka a gabansa.

Kin ce in gaya miki tsakani da Allah ko kina da rabo. Rabo na Allah ne, amma ga abin da idona ya gani. WAEC ɗinki ta isa, ba za a ƙi ki don ita ba, ba kuma za a ɗauke ki don ita ba. Maki 1,480 cikin 1,600 abin alfahari ne a ko'ina, sai dai mafi yawan waɗanda ke shiga Brown da Cornell suna da 1,500 ko sama, kuma waɗannan jami'o'i sun dawo da tilasta jarrabawar bayan sassaucin lokacin korona. Ba ki gaya mini yadda makin ya rabu tsakanin lissafi da Turanci ba. In lissafi ya kai 780 ko 800, Turanci ne ya ja ki ƙasa, to ga mai neman injiniyanci daga Kano wannan ba mummunan hoto ba ne. In lissafin ne ke ƙasa da 750, ki sake zama. Ta watan Oktoba ita ce ta ƙarshe da hankali ke kwanciya za ta iso kan lokaci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki layi ɗaya ne da kika wuce shi da gudu, fitilun sola. Masu A1 suna da yawa, amma yarinyar da matan unguwa ke aiko wa da fitila a leda ta gyara ba ta da yawa. Fitila nawa kika gyara? Me ke yawan lalacewa, batir ne ko maɓalli ko waya? A ina kike sayen kayan, Sabon Gari ko Farm Centre? Wa ya koya miki riƙe ƙarfen liƙa? An taɓa biyanki da ƙosai? Wannan shi ne rubutun da za ki yi a Common App, fom ɗin intanet da yawancin jami'o'in nan suka yi tarayya a kai, inda aka ba ki kalma 650. Kada ki rubuta musu cewa Afirka na fama da rashin wuta kuma ke ce za ki cece ta. Sun karanta wannan sau dubu daga Legas zuwa Nairobi. Ki rubuta ranar da kika ƙona fitilar maƙwabciya, da abin da kika yi washegari.

Duk da haka, da ke 'yar cikina ce, zan zaunar da ke in ce amsar da ta fi yiwuwa a Disamba ita ce a'a, ko kuma a ɗage ki zuwa layin gama-gari, inda alkawarin ya warware kuma a sake duba ki tare da kowa. Ba don kin gaza ba, don kujerun ba su da yawa. Saboda haka kada mako bakwai ɗin nan ya ƙare a kan jami'a ɗaya. Kuma in 1 ga Nuwamba ta matso kika ga rubutunki ɗanye ne, malamanki ba su rubuta takardun shaida ba, Alhaji bai gama tattara lissafi ba, ki bar ta ta wuce. Takarda mai kyau a Janairu ta fi ɗanya a Nuwamba. Wasu jami'o'in ma suna da ƙofar alkawari ta biyu a Janairu, amsa a ƙarshen Janairu ko a Fabrairu, irin su Johns Hopkins da Vanderbilt da Bowdoin da Smith.

Na ambaci Smith da gangan. Kwaleji ce ta mata a jihar Massachusetts, kuma ita ce ta fara buɗe sashen injiniyanci a cikin kwalejojin mata na Amurka. Tana leƙa aljihu, amma wadda ta ɗauka tana cike mata. Na ga iyayen da suka ƙi jin maganar Amurka sam suka sassauto da jin sunan irin wannan makaranta. Ki gwada ta a kunnen Alhaji da na Hajiya. Ki kuma koyi neman wata takarda da kusan kowace jami'ar Amurka ke wallafawa duk shekara, Common Data Set. A sashen C21 za ki ga yawan masu nema ta ƙofar alkawari da yawan waɗanda aka ɗauka. A sashen H6 za ki ga ɗaliban waje nawa aka ba tallafi, da matsakaicin abin da aka ba kowa. Jami'ar da ta ba mutum 15 kacal, ko wadda matsakaicinta dala 20,000 ne, ba taki ba ce komai kyan hotunanta. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas yana ba da shawara, kuma yana da shirin da ke biya wa ɗalibai masu ƙoƙari marasa hali kuɗin jarrabawa da na fom. Kuɗin fom ɗin kansa, kimanin dala 75 zuwa 85 a yawancin manyan jami'o'i, ana yafewa in an roƙa.

Sai batun BUK, wanda kika ambata kamar ba komai ba. In sunanki ya fito, kada ki yi watsi da shi. Amma ki sani jami'o'in Amurka da yawa suna ɗaukar wanda ya riga ya yi rajista a wata jami'a a matsayin mai canjin makaranta, ba sabon shiga ba, kuma tallafin ɗan waje mai canjin makaranta kaɗan ne ƙwarai. Kowace da ma'auninta, wata zango ɗaya, wata shekara guda. Ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na duk inda kike nema, ki faɗi halinki, ki ajiye amsar da suka ba ki a rubuce. A wasiƙar ki haɗa da tambayar ko alkawarin ya hana ki riƙe gurbin gida har biza ta fito. Wannan ba tambayar wasa ba ce. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, kuma dokokin sun ci gaba da tsananta. Takardar shiga jami'a ba biza ba ce. Kafin ku kashe ko sisi, ku duba sanarwar ofishin jakadancin ta wannan makon, ba ta bara ba. Ki kuma ajiye ido a kan shirin tallafin Mastercard Foundation, wanda ke kai ɗalibanmu jami'o'i irin su Ashesi a Ghana da Toronto a Kanada.

Kada ki lallashi Alhaji. Ki buga takardar alkawarin, ki sa wanda ya yarda da shi ya fassara masa ita layi-layi, har da layin da ya ce za a sake ku in kuɗi bai isa ba. Ki tambaye shi adadin da in aka wuce shi zai ce albarka, ku rubuta shi a takarda tun yanzu, kafin murnar Disamba ta ruɗe kowa. In ya ce miliyan 4, to miliyan 4. Ki tuna masa kuma tikitin jirgi da kuɗin biza, dala 185, da na SEVIS, rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, galibi daga aljihunsa za su fara fita ko da jami'a za ta mayar daga baya. In bayan wannan ya ce bai sa hannu ba, ba ki yi asarar komai ba sai ƙofa ɗaya: MIT ba ta neman sa hannunsa a kan alkawari, kuma ita ma 1 ga Nuwamba take rufe sammakonta.

Ki rubuto mini yadda makin SAT ɗin ya rabu.

*

Malama, ina yi miki fatan alheri. Ɗana yana aji shida, yana son neman karatu a Amurka baɗi. An gaya mini wai baƙar fata suna da kaso na musamman a manyan jami'o'in can, don haka ko makinsa bai kai ba za a ɗauke shi. Gaskiya ne?

Wani uba daga Zariya

Malam, wanda ya gaya maka labarinsa ya kwana. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka kai Harvard da Jami'ar North Carolina, ta hana amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Ko kafin nan ma ba kaso ba ne, kuma ɗan Najeriya mai fasfo ɗin Najeriya da sauran 'yan ƙasashen waje ake auna shi. Tun da yaron yana aji shida, abin da za su duba a Nuwamba shi ne sakamakonsa na aji uku zuwa biyar da zangon da yake ciki, domin WAEC ɗinsa ba za ta fito ba sai Agusta. Ka je makarantarsu tun yanzu ka ga yadda takardar sakamakon take, ka tabbatar akwai malamin da zai iya shiga intanet ya tura ta da kansa, don ba a karɓa daga hannun ɗalibi.